Masu Gida a Gidan Aro

Juma'a, 10 ga Oktoba, 2025

Ana idar da La'asar na ja ƙofar shago, don in na yi jinkiri ba zan samu benci ba. Gidan kallon unguwarmu rumfar kwano ce, talabijin biyu, fanka ɗaya mai kaɗa iska mai zafi, sai inji a bayan katanga yana ta gurnani. Zafin nan na ƙarshen damina, mai nuna gero da wake, ya sauka a Potiskum da ƙarfinsa. Duk da haka wurin ya cika maƙil, yara har leƙe suke ta ɓular kwano. Super Eagles ce ke karawa da Lesotho a Polokwane, kuma kowa ya san in aka yi sake yau, maganar Kofin Duniya ta mutu.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ladan ya kira Magariba, muka fita kowa na tsaki. Muna dawowa muka tarar Troost-Ekong yana dasa ƙwallo zai buga fenariti, ya kuwa ci. Akor Adams, wanda yau ya fara saka rigar Najeriya, ya ƙara ta biyu. Sai Nwabali ya yi sakaci aka farke ɗaya, muka ƙarasa mintunan ƙarshe hannu a ka. An tashi 2-1. Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Zimbabwe, Benin ta doke Rwanda. Mai gidan kallo ya ɗauki alli ya rubuta a jikin ƙofa: Benin 17, Afirka ta Kudu 15, Najeriya 14.

Ni dai jikina ne a wurin, hankalina yana Kano. Jibi Pillars za ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin Sani Abacha, ga shi kakar bana da ɗingishi muka fara ta. A hanyar gida ɗana, mai shekara 12, ɗan gani-kashe-nin Manchester United, ya ce, "Baba, me ya sa kake bin ƙungiyar da ko a gidan kallonmu ba a nuna ta?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ta fi ƙarfin tafiyar da ta rage mana zuwa gida. Na ce ya bari sai wani lokaci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kawu ya zo shago da hantsi, ya zauna a kan tsohuwar tayar da ta zama kujerarsa. Shekara da shekaru ya yi yana jan tirela da shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Legas, har idanu suka ce ya isa. Shi ne amsar tambayar ɗana. Sama da shekara 20 ke nan, ina yaron motarsa, muka sauke kaya a Kano, ya kama hannuna ya shiga da ni filin Pillars na Ƙofar Mata. Ban riƙe sunan abokan karawar ranar ba. Abin da na riƙe shi ne lokacin da dubban mutane suka ce "Sai Masu Gida" da murya ɗaya, na ji simintin da nake tsaye a kai yana amsawa a tafin ƙafata. Daga ranar ban sake zaɓar wata ƙungiya ba.

Kawu bai yarda Pillars na cikin matsala ba. Ya shiga lissafo min da yatsu kamar mai ƙirga kuɗin lodi. Kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. Fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, har aka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Kofin Aiteo a 2019. Shekara 12 cur ba wanda ya ci mu wasan lig a gida, sai da Nasarawa United ta zo a 2015. "Ɗan nan," ya ce, "gidan da ya saba da wannan ba ya rushewa don damina ɗaya. Ga shi an miƙa wa Ahmed Musa ragama."

Nan ne muke rabuwa da shi. Ina son Ahmed Musa kamar yadda duk ɗan Arewa ke son sa. A rigar Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Turai a 2010, ya zaga Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya kuma dawo gida da ƙafarsa, ba sau ɗaya ba. A watan Yulin bana gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Amma na ce wa Kawu, iya tuƙi daban, iya riƙon gareji daban. Mun ga direbobin da ba a kama su a kan hanya, suka sayi mota biyu suka rasa yadda za su yi da yaran mota da makanikai. Ya ce ai ni kullum sai na nemo tsutsa a cikin goro.

Da yamma aka ce jirgin 'yan Super Eagles ya yi saukar gaggawa a Luanda, gilashin gabansa ya tsage a sama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Na kira ƙanena da ke sayar da kayan waya a Kano. Ya ce gobe tun azahar zai shiga fili, kuma in kwantar da hankalina, maki uku a aljihu suke.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na zauna a ƙofar gida da waya a hannu, Kawu na gefe da carbinsa. Ba a jima da take wasa ba ƙanena ya kira, ban ji muryarsa ba sam, sai ihun fili kawai. Mun ci. Kawu ya ɗaga carbi sama, ya ce, "Ban gaya maka ba?" Daga nan sai jira. Wanda bai taɓa bin wasa ta waya ba bai san tsawon minti 80 ba. Kana duba allo, kana lissafin ko yanzu an kai ina, kana jin tsoron wayar ta yi ƙara, kana kuma jin tsoron shirunta. Maman yara ta kawo kunu, ya huce a gabana.

Lokaci ya cika, aka shiga ƙarin mintuna. Har na fara tunanin abin da zan ce wa 'yan El-Kanemi a teburin mai shayi. Sai ga labari, Shooting ta farke a ƙurarren lokaci, 1-1. Na ce Inna lillahi, na ajiye wayar a kan tabarma. A raina na ce maki biyu sun zube, Allah ya maida alheri. Ashe wannan ƙaramar asara ce.

Bayan Magariba hotuna suka fara shigowa. Mutane sun tsallako cikin fili, suna bin alƙalan wasa da gudu. Ana jifan 'yan wasan Shooting, wani jini na zuba a kansa. 'Yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, hayaƙi ya turnuƙe wajen benci. Na maimaita wani ɗan guntun bidiyo ya fi sau goma, ba don ina son gani ba, fuskar ƙanena nake nema a cikin masu gudun nan. Rigunan duk iri ɗaya ne, rawaya da kore, irin wadda ke cikin akwatina.

Na kira shi sau bakwai, wayar na shiga ba a ɗauka. Kawu ya tashi bai ce uffan ba, ya saka takalminsa. Sai da ya kai bakin zaure ya juyo ya ce, "Sun sake ja mana." Wajen ƙarfe 11 na dare saƙo ya shigo: "Yaya, lafiya lau nake." Iyakarsa ke nan.

Litinin, 13 ga Oktoba

Hukunci bai yi jinkiri ba. Hukumar gasar NPFL ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zabtare mana maki uku da ƙwallo uku, ta rufe mana filin Sani Abacha, ta ce mu koma Katsina da wasannin gida. Mun shiga fili jiya muna neman maki uku, mun fito da guda, yau an cire uku. Ga mu can ƙasan teburi. Ahmed Musa ya fito ya ba Shooting Stars da alƙalan wasa da jama'a haƙuri. Na ji masa ciwo. Mutumin da ya ɗaga sunan ƙasar nan a idon duniya, yau shi ke sunkuyar da kai saboda dutsen da ba shi ya jefa ba.

Abin da ya hana ni cin abincin rana shi ne mun taɓa bin wannan hanyar, mun kuma san inda take ɓullewa. A watan Afrilun 2022 aka yi rikici a wasanmu da Katsina United a wannan filin dai, aka farfasa musu mota. Aka cire mana maki uku, aka tura mu Abuja. Kafin kaka ta ƙare aka sake cire wasu uku saboda taɓa mataimakin alƙalin wasa. Ƙarshenta Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji. Na tuna ranar, shago na rufe na kwanta kamar mai zazzaɓi. Da aka dawo a 2023 na ɗauka an ji jiki, an yi hankali. Shekara uku kacal, ga mu a bakin ramin nan. Kuma filin Muhammadu Dikko da aka tura mu gidan Katsina United ne, mutanen da aka fasa wa mota. Su za mu je mu yi wa sallama mu ce a ara mana tabarma.

Potiskum a kan hanya take, tsakanin Kano da Maiduguri, ga Bauchi a gefe, shi ya sa teburin mai shayinmu ya kasu uku: 'yan Pillars, 'yan El-Kanemi, 'yan Wikki. Da daddare wani ɗan El-Kanemi, wanda tun da suka ɗauki kofin ƙalubale a 2024 ba ya barin mu sha shayi lafiya, ya ce, "Sannunku Masu Gidan Haya." Aka yi dariya. Ban ji haushinsa ba, don bai faɗi ƙarya ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Na so in zauna a gida, ɗana ya matsa sai mun je gidan kallo. Gara da na je.

Minti uku da farawa a Uyo, Chukwueze ya zura wa Osimhen ƙwallo, ya jefa ta raga. Kafin hutu ya ƙara ta biyu da ka. Muna cikin raka'ar ƙarshe ta Magariba muka ji rumfar kwano ta ɗauki ihun yaran da suka rage a ciki, muka san ya cika ta uku. A ƙarshen wasa Onyeka ya ƙara ta huɗu, ita ce kuma ta yi aiki wajen lissafi. Benin ta Gernot Rohr, tsohon kocinmu, ta zo da maki 17 tana jin ƙanshin Kofin Duniya, ta koma hannu rabbana. Afirka ta Kudu ta ci Rwanda 3-0 ta wuce kai tsaye, mu kuma sai wasan cike gurbi a Moroko a watan gobe. Ƙungiyar da ta buga wasa huɗu na farko ba ta ci ko ɗaya ba, yau ga ta da rai. Wani dattijo da ban san shi ba ya rungume ni yana cewa Allah mai iko.

A cikin wannan murnar na ɗaga kai na dubi rumfar, sai zuciyata ta koma 2014. Ranar 17 ga Yuni, ana kallon Brazil da Mexico, bam ya tashi a wajen wani gidan kallo a Damaturu, mutane da dama suka rasu. Damaturu nan ce kusa da mu, kilomita 100 ko kusa da haka. A shekarun nan mu ma a Potiskum mun binne namu, a kasuwa da makaranta da tasha. Bayan kwana takwas da abin Damaturu, Ahmed Musa ya ci Ajantina ƙwallo biyu. A tsakar gida na ji su, a rediyo, ƙofa a kulle, murya ƙasa-ƙasa. Na yi tsalle ni kaɗai, ba wanda zan runguma.

Mu mun san yadda ake raba mutum da wurin kallon ƙwallo da ƙarfin tsiya. Mun ɗauki shekaru kafin uba ya sake yarda ɗansa ya shiga rumfa irin wannan bayan faɗuwar rana. Shi ya sa abin Kano ke ci min rai fiye da yadda zan iya gaya wa ƙanena. Suna da fili, suna da zaman lafiyar cika shi, ba wanda ya zo daga daji ya ƙwace musu. Da hannunsu suka miƙa makullin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ranar kasuwar shanu, ba zama. Tun asuba tireloli ke layi, ƙura ta tashi, direbobi na aiko yara neman birki da bel da man giya. Sai bayan azahar na samu na zauna, daidai nan ƙanena ya kira.

Ya fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Kawu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na san akwai magana. Na ce, "Ka shiga fili ko ba ka shiga ba?" Ya yi shiru. Ya ce, "Yaya, na tsallaka, amma wallahi ban taɓa kowa ba." Ya ce alƙalin wasa ya ƙara lokacin da ya wuce hankali, ya ce in mu muka je Kudu abin da ake mana ya fi haka, ba wanda ke magana. Ya ce shi kansa bai san lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan ciyawa ba, ya ga na gabansa sun tafi ne kawai.

Ban ƙaryata shi a kan alƙalanci ba. Duk mai bin gasar nan ya san yadda cin wasa a waje ke da wuya, ya san akwai busan da ke sa mutum ya riƙe baki. Wannan ne ma ke sa ƙwallo ɗaya a gida ta zama kamar rai, don kowa ya saka a ransa cewa abin da ya kuɓuce a gida ba a maido shi a waje. Amma na ce masa, "Kai da ka tsallaka ba ka daki kowa ba, kai ne ka cika wa mai dukan fili. Mutum ɗaya ba ya bin alƙali da gudu, sai ya waiga ya ga ɗari a bayansa." Na ce ya lissafa min wace ƙungiya ce a bana ta raba mu da maki uku da ƙwallo uku da gidanmu a yammaci ɗaya. Ba Enyimba ba ce, ba Rangers ba ce.

Ya daɗe bai ce komai ba, ina jin hayaniyar kasuwarsu ta cikin wayar. Can ya ce, "Yaya, kar ka gaya wa Kawu." Na ce ba zan gaya masa ba, shi zai gaya masa da bakinsa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na kwana ina juya maganar da na yi wa ƙanena, don akwai abin da ban gaya masa ba. Ina da shekara kamar nasa, a wani wasan unguwanni a nan garin, alƙali ya hana mu ƙwallo. Na ɗauki dutse na jefa. Bai same shi ba, ya sami wani yaro mai tallar ruwa a gefen fili, a ƙafa. Har yau ina ganin yadda ya ajiye bokitinsa a hankali kafin ya fashe da kuka, don kar ruwan ya zube. Ba wanda ya san ni ne. Na san zafin da ke ɗaga hannun mutum, na kuma san ba son ƙungiya ba ne, ko da yake a lokacin haka yake kama.

Da rana wani direba ɗan Damaturu ya tsaya sayen fitila, hira ta kai mu ga Yobe Desert Stars. A 2018 ta hau babbar gasa, muka riƙa cika mota muna zuwa filin 27 ga Agusta. A 2019 har rukuni ɗaya aka saka ta da Pillars, na rasa wadda zan yi wa addu'a. A shekarar ta faɗo. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a faɗuwa shi ne shirun da ke biyo baya, ranar da za a yi wasa a gari mutane ba su ma san ana yi ba. Na ce Pillars ta fi ƙarfin wannan. Ina faɗa ina jin muryar Kawu a bakina.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci na bi ta gidan Kawu. Na tarar ƙanena ya riga ya kira shi. Bai ce min ga abin da suka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce, "Na gaya masa ranar da na fara kai ka fili, hannunka na riƙe har muka fito. Laifina ne da ban kai shi ba shi ma."

Muka zauna muka yi lissafi irin na masu shago. Gasar wasa 38 ce, ba a ko kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Maki uku wasa ɗaya ne. Rabi'u Ali yana nan, mutumin da ya ga kofunan ya kuma ga faɗuwar, bai gudu ba. Kawu ya ce wataƙila ma a Katsina yaran su samu sararin buga ƙwallo ba tare da tsoron abin da zai biyo bayan busa ba. Wannan magana ta shige ni, don ban taɓa tunanin 'yan wasanmu ma tsoronmu suke ji ba. Ni kuwa abin da ke raina bai canza ba. Ban damu da yadda za a tafi Katsina ba, ranar dawowa nake ji. Za a iya canza koci, a sayo ɗan gaba, a biya tara. Ban ga wanda zai zauna da dubban mutane irin ƙanena, da irina a shekarun baya, ya karɓe dutsen tun daga bakin ƙofa ba. Kawu ya ce kowa ya fara da nasa ƙanen.

Da daddare ɗana yana ta zancen jibi, United za ta je gidan Liverpool, wai bana kocinsu Amorim ya gano bakin zaren. Ƙungiyar da ta ƙare ta 15 a bara, amma idonsa har ƙyalli yake. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya kawo min akwatin da ke ƙarƙashin gado. Na ciro rigar, rawayar ta koɗe, lambar baya ta fara ɓarewa. Na ba shi labarin Ƙofar Mata da simintin da ya amsa a ƙafata. Na ba shi na yaron mai tallar ruwa ma, wanda ko mamansa ban taɓa gaya wa ba.

Ya saka rigar, ta sauko masa har gwiwa. Ya ce, "Baba, Katsina ta fi Kano nisa?" Na ce ta fi, sai an wuce Kano. Ya ce to nawa ne kuɗin mota. Na ce gobe in na fita zan tambaya a tasha.